Fari a Ƙeya

Juma'a, 4 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Hannun yana rubutu, alhamdu lillahi, muddin gwiwarsa na kan tebur. Ɗagawa ce ya ƙi. Yana zuwa daidai ƙirji sai ya tsaya cak, kamar an ɗaure shi da igiya daga ƙasa.

Ba zan rubuta abin ranar Talata a nan ba. Ya wuce. Tela, wanda shagonsa ke ƙarƙashin ɗakina, shi kaɗai ya sani, don shi ya ɓalle ƙofar banɗakin. Na ce masa sakata ce ta lalace. Ya dube ni, ya ce to, sakata ce. Jiya ya hau ya gyara ta.

Hedimasta ta bugo waya kamar kullum. 'Yata ce ta fari. Tun tana shekara shida muke kiranta haka, saboda jera ƙannenta da take yi tana duba musu farce. Yanzu shekararta hamsin da ɗaya, ba ta taɓa koyarwa a aji ba, amma halin yana nan. Ta ce, "Baba, muryarka ta yi ƙasa." Na ce shayi nake sha. Lafiya lau nake.

Tun abin bara ta kafa doka: in aka sake, zan tattara in koma gidanta. Har ɗaki ta share, wanda ke bayan kicin, tagarsa na kallon katanga. Na taɓa kwana biyu a ciki. Ɗaki ne mai kyau, ba a jin komai sai injin wanki. Nan kuwa shekarata arba'in da ɗaya ina zaune. Daga kujerata ina ganin inda motar haya ke tsayawa, kuma na san takun kowa a kan matakala.

Asabar, 5 ga wata, ƙarfe goma na safe

Yau ranar rini ce, kamar yadda na saba duk bayan mako uku. Na fito da kwanon da burushin da tsohon tawul, na jera su a tebur, na zauna ina kallonsu.

Ina shekara arba'in da uku na fara. A shekarar aka kawo mana sabon shugaba a ofishin awon ƙasa, aka shiga rage ma'aikata, kuma muka lura mutumin yana duba kan mutum kafin ya duba fayil ɗinsa. Marigayiya matata ce ta sayo maganin, ta zaunar da ni a ƙasa tsakanin ƙafafunta. Na tsira da aikina. Shekara ashirin da tara tana yi mini, bakwai ina yi da kaina, ban taɓa tsallake Asabar ɗaya ba.

Na ɗora rula a tsagar gashina gaban madubi. Farin ya kai sulusin inci.

Hedimasta za ta zo ran sha uku. Tun tana 'yar makaranta rabon da ta ga fari a kaina. In ta gani za ta tambaya, in ta tambaya kuwa ba ta tsayawa a tambaya ɗaya.

Wajen mai aski ba zan je ba. Ban taɓa faɗa wa kowa ina rini ba, kuma abin da aka faɗa a shagon nan da safe, kafin rana ta take ya gama zaga layi.

Litinin, 7 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Ban sauka ba. Matakala goma sha tara ce. Da ban taɓa ƙirgawa ba.

Talata, 8 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Mako guda. Na yi wanka a zaune, ƙofa a buɗe. Lafiya lau nake.

Laraba, 9 ga wata, ƙarfe sha biyu na rana

Tela ya hawo mini da burodi da ƙwai. Ya tsaya bakin ƙofa da tef a wuya yana kallon kaina. Safiyo yake kirana, saboda tsohon aikina na awon ƙasa.

"Safiyo, gonar ta fara fure."

"Gonar wa?"

"Ka kawo burushin nan mana in shafa maka. Minti goma ne. Ni da nake sa maɓalli ɗari a rana."

Na ce ban san burushin da yake nufi ba. Ya yi dariya har da riƙe ƙofa. Da ya tsagaita sai ya ce, ƙasa-ƙasa, "Ka gaya wa yarinyar nan. Wallahi da ruwan bai ɗigo mini kan yadi ba, ban san yaushe zan hawo ba."

Na tambaye shi ko yadin ya bushe. Ya ce ya bushe. Na ce to madalla.

Alhamis, 10 ga wata, ƙarfe uku na rana

Na samo dabara, kuma ina alfahari da ita.

Shekara talatin da biyar ina zana filayen mutane. Ba a shiga daji da ka, sai da taswira. Na ɗauko takarda na zana kaina daga sama, na raba shi fuloti takwas: biyu a goshi, biyu a tsakiya, ɗaya bisa kowane kunne, biyu a ƙeya. Na ɗaure burushin a bakin doguwar rulata ta katako da zaren da na karɓa wajen Tela. Hannun hagu zai riƙe, rula za ta kai inda bai kai ba. Duk fulotin da na gama in sa masa alama.

Na gwada da ruwa sau biyu. Yana tafiya. Wanda ya ce tsohon ilimi ya mutu ya zo ya gani.

Asabar, 12 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

An gama! Awa ɗaya da minti arba'in, da hutu uku. Fuloti takwas, alama takwas. Kunnen hagu ya yi baƙi, na goge shi da mai. Tawul ɗin ya tashi daga aiki. Amma mutumin da ke cikin madubi shi ne wanda na sani, baƙi wuluk daga goshi har kunne.

Na soya ƙwai biyu da hannu ɗaya, na cinye. Na buɗe taga na gaida mai burodi daga sama. Ya ce, "Baba, kwana biyu!" Na ce aiki ne ya yi yawa.

Gobe ta zo. Ina jiranta.

Lahadi, 13 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Ta zo da kwanukan abinci. Na zauna ina fuskantarta, hannun dama bisa cinya kamar mai hutawa. Awa guda muna hira lafiya, har ta ce na yi kyau. Sai iska ta bugo taga, na tashi in rufe.

"Baba, tsaya. Kada ka juyo."

Na ji ƙarar wayarta. Ta zagayo ta miƙo mini hoton. Fari ne fat a ƙeyata, faɗin tafin hannu, baƙi ya kewaye shi. Ƙarƙashinsa wani layi baƙi ya gangara bayan wuya ya shige cikin riga. Ashe rular ta riƙa tsallake wurin tana sauka a wuya. Fuloti na bakwai da na takwas, waɗanda na sa wa alama da hannuna.

Abu na farko da aka koya mana a aiki shi ne kada ka sa hannu kan filin da ba ka taka ba. Ni da kaina na kori mutum biyu a kan haka.

Ba ta ɗaga murya ba. Gara ma ta ɗaga.

"Ɗaga hannunka."

Na ɗaga.

"Na dama, Baba. Ni ma ka sa ni a makaranta."

Ya zo ƙirji ya tsaya. Muka tsaya mu uku, ni da ita da shi.

Ta sauka wajen Tela. Ina jinsa ta ƙasa yana ta maganar sakata, Allah ya saka masa. Amma shacin ruwan yana nan a rufin shagonsa, kuma ita ba makauniya ba ce.

Litinin, 14 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Asibiti. Likitar yarinya ce, ba ta kai jikata ta fari ba. Ta ce ƙashi lafiya, jijiyar kafaɗa ce ta ɗan yage, sannan na bar ta ta sandare. Ta tambayi yaushe abin ya faru. Na ce kwanan baya. Ta nuna mini yadda zan tsaya gaban bango in riƙa hawa da yatsu kamar gizo-gizo, sau uku a rana.

A mota surukina yana tuƙi, ya kafa wa titi ido kamar yau ya fara ganinsa. Hedimasta ta ce ran Asabar za a zo da kwalaye.

Na ce, "Ki ba ni mako huɗu."

"Na me?"

"Ran Lahadi, goma ga watan gobe. In hannun nan na dama ya kai ƙeyata ya rina ta a gabanki, ki bar ni a ɗakina. In ya kasa, ni da kaina zan naɗe shimfiɗa, ba za ki ji bakina ba."

"Rini? Duk abin duniya, a kan rini za ka jingina zamanka?"

"Da shi kika kama ni."

Surukina ya yi tari, wanda na tabbata dariya ce. Ta harare shi. Mun wuce shataletale biyu kafin ta ce ta yarda, da sharaɗin Tela zai riƙe makulli ɗaya, kuma ba sauran sakata a banɗaki. Na ce ai dama ta lalace.

Talata, 15 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Na zaɓi bangon kusa da ƙofa. Yatsun sun hau inci arba'in da tara daga ƙasa, na ja layi da fensir. Na gwada da hagu in ga inda ake bukata: sai wajen saba'in kafin hannu ya iya lanƙwasowa baya. Inci ashirin da ɗaya a kwana ashirin da shida. Na taɓa auna dutse da ya fi wannan.

Alhamis, 17 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Hamsin.

Juma'a, 18 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Hamsin. Zufa har cikin ido.

Litinin, 21 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Tela ya hawo da wani abin mamaki. Ya ciro dabaran tsohon keken ɗinkinsa, ya kafa shi a saman ƙofa da ƙusa, ya ratsa igiyar labule a kai, ya ɗinka madauki a kowane baki. Hagu ya ja ƙasa, dama ya tashi sama ko yana so ko ba ya so. Na yi ihu a ja na farko. Ya ce, "Yi a hankali, Safiyo, kada masu kawo ɗinki su ce yanka nake yi a sama."

Ya kuma aro mini madubin da ake gwada riga a shagonsa. Na jingina shi bayan kujera, yanzu ina ganin ƙeyata. Da na yi haka tun farko.

Hamsin da huɗu.

Laraba, 23 ga wata, ƙarfe tara na safe

Hamsin da bakwai! Na sauko da gwangwanin sukari daga kanta da hannun dama. Na mayar da shi, na sake saukowa da shi, don kawai in gani.

Kowace safiya yanzu ina duba farin nan na ƙeya. Na zaci zai zama ruwan toka mai datti. Ba haka ba ne. Fari ne tas, yana ɗan ƙyalli. Shekara talatin da shida yana fitowa a kaina ina binne shi, ban taɓa ba shi kwana talatin in ga kamanninsa ba.

Juma'a, 25 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Na sauka shagon Tela na zauna a benci. Muna hira sai na ce abin da ke damuna shi ne mutanen layi su gane ina rini. Ya tsayar da keken.

"Su gane?"

"Eh mana."

"Safiyo, ka san sunanka a layin nan?"

"Ai kai kake kirana da shi."

"Wannan nawa ne. Na layi Baba Tawada. In aka yi wa baƙo kwatance, cewa ake yi ka wuce benen Baba Tawada ka sha kwana."

Na tambaya tun yaushe. Ya ce shi dai shekararsa ashirin da biyu a shagon, kuma ya tarar da sunan. Mutum mai shekara tamanin ba ɗaya, in ji shi, gira fara, gashin hanci fari, kai kuwa kamar an goge takalmi.

Na tashi na hau sama ban yi masa sallama ba.

Asabar, 26 ga wata, ƙarfe goma na safe

Ba na magana da Tela. Hamsin da takwas.

Lahadi, 27 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Surukina ya kawo kwalaye shida a ninke. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce aiko shi aka yi, wai ko da za a bukata. Kunya ta hana shi ɗaga kai. Na ce ya jingina su bayan ƙofa. Ya ga dabaran da igiyar da layukan fensir, ya daɗe yana kallo. Da zai fita ya ce, "Baba, ni dai ina bayanka. Amma kada a ce na ce."

Talata, 29 ga wata, ƙarfe uku na rana

Hamsin da shida. Ya koma baya. Kafaɗar tana zogi tun safe, ban ci komai ba sai shayi.

In aka shafa maganin, sai an jira minti ashirin kafin a wanke. A minti ashirin ɗin nan Marigayiya take gaya mini komai, don ta san ba ni da inda zan je da kai a jiƙe. Wanda ya nemi auren Hedimasta, a nan na ji. Ciwon nata ma a nan na ji, tana tsaye bayana, ban ga fuskarta ba. Tun da ta tafi ina zama minti ashirin ɗin, agogo a gabana. Ba wanda ke cewa komai.

Ofishin an rushe shi, an gina wurin sayar da taya. Shugaban nan ya rasu da daɗewa. Layi duk sun sani. To wa nake yi wa?

Kwalayen suna bayan ƙofa. Ko ban juya ba na san suna nan.

Lafiya lau nake.

Laraba, 30 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Ban gwada ba.

Alhamis, 31 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Tela ya yi amfani da makullinsa. Ya shigo ba sallama ya ce kwana biyu bai ji kukan dabaransa ba, ko na sayar ne. Na ce ya fita. Ya ja kujera ya zauna, ya fito da riga yana sa mata maɓalli, ya ce ba ya tashi sai ya ji ja talatin, ga masu ɗinki can suna jira, alhakinsu a wuyana.

Na ja talatin ina zaginsa. Yana ƙirgawa, yana cin biyu-biyu a tsakiya don in ƙara.

Sittin.

Litinin, 4 ga sabon wata, ƙarfe takwas na safe

Sittin da huɗu. Na sa riga ta wuya ba tare da na sunkuya ba.

Laraba, 6 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Sittin da bakwai. Na taɓa tsakiyar kaina. Na bar hannun a can na ƙirga goma, kamar ɗalibin da aka sa horo. Hedimasta ta bugo ta ce yaya hannu. Na ce ki zo ki gani. Ta ce ta sayo sabon labule na ɗakin. Na ce Allah ya sa baƙi su ji daɗinsa.

Juma'a, 8 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Sittin da tara. Yatsa ya taɓa bayan kunne, ya zame. Saura kwana biyu.

Asabar, 9 ga wata, ƙarfe tara na safe

Ya kai.

Na zauna tsakanin madubi biyu, na ɗauki burushin a bushe da hannun dama. Ya wuce kunne. Kafaɗar ta yi ƙara, na tsaya, na ja numfashi, na tura. Sai ga bakin burushin a tsakiyar farin, ina kallonsa da idona. Na bi fuloti na bakwai daga iyaka zuwa iyaka, na bi na takwas. Na sake. Na buga ƙafa a ƙasa sau uku, Tela ya amsa da sandar awo daga ƙasa.

Ga maganin a kwalinsa, ga kwano. Gobe in na ga dama minti goma ya ishe ni. Na ajiye burushin na shafa wurin da tafin hannu. Laushi gare shi, ba irin na saman da magani ya busar ba.

Yanzu da na san zan iya, sai na ga ba na so.

Asabar, ƙarfe biyu na rana

Mai aski ya yafa mini ƙyalle ya ce, "Kamar kullum, Baba? A rage sama kaɗan, kada a sauka ƙasa?" Sai yau na gane. Shekara da shekaru yana kiyaye kada injinsa ya tono abin da ke ƙasa, bai taɓa nuna mini ya sani ba.

Na ce, "Sauka. Har inda baƙin ya ƙare."

Ya kashe injin. "Baba, in na sauka ba hawa."

"Ni na zo da kaina."

 Baƙin yana zubowa kan ƙyalle dunƙule-dunƙule, kamar ba daga jikina ba. Ban kalli madubi ba sai da ya goge mini wuya. Mahaifina na gani, ranar da ya raka ni makarantar kwana. Sai dai shi bai kai shekaruna ba. Wani da ke jiran layi ya ce, "Kai, Baba, ashe haka kake da kwarjini ka ɓoye mana?" Mai askin ya ƙi barina in tashi sai da ya zagaya da ni ta kowane madubi.

Na dawo a ƙafa, kai a buɗe, iska tana taɓa fatar. Tela ya leƙo ya ce, "Sannu, dattijo, wa kake nema? Mai ɗakin saman wani yaro ne, ya fita."

Lahadi, 10 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Sun zo da motar a share, an kwantar da kujerun baya. Na gani ta taga. Na buɗe ƙofa kafin ta ƙwanƙwasa.

Ta tsaya da jaka a hannu.  Surukina daga bayanta ya ce, "Masha Allah," ya yi sauri ya haɗiye.

"Baba, me ka yi?"

"Aski."

"Ka guje wa sharaɗi ke nan. Ka ga ba za ka iya ba, ka je ka kwashe."

Na ce ta zauna. Na ɗauki mataji da hannun dama, na juya mata baya, na kai shi ƙeya, na taje daga ƙasa zuwa sama sau goma, ko da yake babu abin tajewa. Na ce ga magani can a tebur, in tana so in ɓata wannan farin don ta gamsu, ta haɗa mini, yanzu in shafa. Ba ta motsa ba.

Sai na juyo na gaya mata. Na ce na faɗi. Ga shi na rubuta. Na gaya mata ƙarfe nawa ne, da ƙarfe nawa Tela ya ɓalle ƙofa, da abin da na yi ta tunani a tsakani ina jin ruwa na zuba. Ban rage komai ba. Na ce in an sake, ita zan fara kira, ko a tsaye nake ko a ƙasa. Amma a nan nake so a sake, in ma za a sake.

Ta yi kuka, ta yi faɗa, ta ce ni da Tela duk sai Allah ya tambaye mu. Sannan ta share ido ta koma Hedimasta: ƙarfen riƙewa a banɗaki, biyu, waya a aljihu ko wanka zan shiga, likita duk wata. Na ce na ji. Ta ce in maimaita. Na maimaita. Surukina bai jira umarni ba, ya kwashi kwalayen nan shida ya yi ƙasa da su yana tsallake matakala.

A bakin ƙofa ta tsaya ta sake kallon kaina. Sai ta ja ɗankwalinta baya kaɗan, ta sunkuyo. A gindin gashinta, layi ne fari siriri daga goshi zuwa kunne.

"Shekara takwas ke nan ina rini saboda kai," in ji ta. "Ta yaya uba zai fito da baƙin kai, 'yarsa na biye da furfura? Ka san yadda abin nan ke sa ni ƙaiƙayi?"

Na ce, "To ai sai ki huta."

Ta ce za ta yi tunani, ita ba ta yanke hukunci da gaggawa kamar wasu. Na yi dariya har kafaɗar ta amsa.

Litinin, 11 ga wata, ƙarfe goma na safe

Mai sa ƙarfen banɗaki ya zo. Yana shiga ya ce, "Kaka, ka zauna ka huta, yanzu zan gama." Ya kafa na farko a karkace. Na sa ya cire, na nuna masa wurin da hannuna, na tsaya a kansa har ya ɗaure ƙusa ta ƙarshe. Na kama ƙarfen na jijjiga da ƙarfina duka. Bai motsa ba, ni ma haka.